Naɗi Shida da Ka Bari, Kawu Twaibu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Alhamis, sha bakwai ga Oktoba, Allah Ya karɓi ran kawuna, Che Twaibu Mkwanda, mai naɗin wayar inji na ƙauyenmu Nansenga, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya cika a zaune ƙarƙashin mangwaron da ke ƙofar ɗakin famfo, da wayar jan ƙarfe a cinyarsa. An kai shi makwancinsa bayan la'asar. Ni ce Asiyatu, 'yar ƙanwarsa, mai riƙe da makullin ɗakin famfon nan, kuma ni ce sanadin tasowarsa daga gadon jinya. Gara in faɗa da bakina kafin in fara yabo.

Kawu, ranar da mahaifiyata ta rasu ina da shekara tara, kai ka ɗauko ni a bayan kekenka. Ka ce wa dangi 'yar ƙanwa ba ta maraici matuƙar kawunta na numfashi, kuma ka cika wannan magana shekara talatin da takwas. Da mijina ya tafi neman aiki birnin Joni, can ƙasar kudu, ya ɓace da labarinsa, kullum sai in tarar da ƙullin ƙananan kifin usipa ka rataye a ƙofata. Kai ka gyara lasifikar masallaci. Kai ka tayar da fankar ɗakin haihuwa, ka ce matan da ke naƙuda a zafin Oktoba sun fi liman bukatar iska. Shekara ashirin ka yi kana naɗa injuna a masana'antar ganyen shayi a Thyolo, da ka dawo gida kuwa babu injin niƙan da ya mutu tsakanin nan da Mangochi bai biyo ta hannunka ba.

Amma aikinka da ya fi kowanne shi ne famfon. Gida sittin da uku ke cin masarar rani daga ruwan da yake ɗagowa daga kogin Shire. Mu ne a ƙarshen layin wuta, kilomita goma sha ɗaya na siririyar waya, kuma kafin wutar ta iso mu ta gama galabaita. Da farko injin da aka kawo mana sai dai ya yi gurnani ya ɗau zafi. Kai ka zo da wasu gwangwanaye shida masu ruwan toka, waɗanda masu sana'arku ke kira kafasita, ka jera su a bango ka haɗa su da injin. Ran nan ruwa ya kai gonar ƙarshe. Mu dai gwangwanayen Kawu muke ce musu.

Da maza suka yi gunaguni don ka damƙa wa mace makulli, sai ka zaunar da ni ka karantar da ni. Ka ce wutar nan ba gudu take yi kamar ruwa a rafi ba, kai da kawo take yi, sau hamsin kafin a ƙifta ido. Naɗin wayar da ke cikin inji yana da jan ƙafa, ba ya son sauyi. Yakan karɓi wani kaso na wutar ya riƙe, sannan ya mayar da shi ba tare da ya yi aikin komai ba. Wannan kason shi ke cika siririyar wayarmu har wuta mai aiki ta rasa hanya. Gwangwani kuma halinsa akasin haka ne, shi gaggawa gare shi. Idan aka haɗa su sai su zama mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi. Abin da naɗi ya saki gwangwani ya cafe, abin da gwangwani ya saki naɗi ya karɓa, sai kai da kawon ya tsaya a cikin ɗaki, layi ya huta.

Ka yi dariya ka ce, "Ke ma gwangwani ce, Asiyatu, kullum kina gaba da kowa. Ni kuwa naɗi ne, sai na ja ƙafa. Shi ya sa gidanmu bai ƙone ba."

Na yi dariya na ce na gane. Ashe kunne ne ya ji, kai bai ɗauka ba.

Bana damina ta yaudare mu, rumbuna babu komai, kowa ya sa ransa a kan masarar rani. Kai kuma ciwon ƙirji ya kwantar da kai a asibiti a Zomba. Cikin wannan hali ne Che Imedi, mijin ƙanwata, ya dawo daga Joni da wani ma'aunin wuta mai baki irin na ƙaguwa. Ba mugun mutum ba ne, sabon kaya ne ke ɗawainiya da shi. Ya maƙala ma'aunin a wayar gwangwanayen, lamba ta haura talatin.

Ya ce, "Yaya, zo ki ga ɓarayin gida! Waɗannan ba sa juyawa, ba sa haske, ko shayi ba sa dafawa, amma dubi abin da suke zuƙa. Tsoho ya ajiye mana 'yan zaman banza muna ciyarwa."

Na gani da idona, kuma kowa na kukan wutar da muke saya ba ta daɗewa. Ka sha gaya mini cewa mai son sanin gaskiyar ɗaki a bakin ƙofa yake awo, a wayar da ta shigo daga layi. Da mun auna can, da mun ga cewa gwangwanayen rage kaya suke yi. Ban auna ba. Wayar salula na hannuna, kiran minti ɗaya ya isa, amma na ce kada in dami mara lafiya. Wannan ita ce hujjar da na ba mutane. Gaskiyar ita ce ina so a ce Asiyatu ma ta gano wani abu da kanta. Na sa aka kwance su, aka ba mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Tun ranar farko injin ya canza murya. Makunnin kariya ya dinga kashe shi, mu kuma muna ta kunnawa, har muka tokare makunnin da tsinken gora don ya daina mana gardama. A rana ta uku da azahar wari ya cika ɗakin, hayaƙi ya biyo baya. Masara kuwa ta fara goyo, lokacin da ba ta yafe ƙishi.

An sallamo ka ke nan da sharaɗin kada ka ɗaga ko bokiti. Na zo na durƙusa a gaban gadonka na faɗa maka komai. Na so ka zage ni, Kawu, wallahi da zagin ya fi mini sauƙi. Sai ka ce, "Kun auna a bakin ƙofa?" Na ce a'a. Ka ce, "To, miƙo mini takalmana." Matarka, Abiti Sumani, ta tare ƙofa tana kuka tana cewa, "Malam, masara kake so ko ranka?" Ka ce mata idan masarar ta mutu, ba ranka kaɗai za a rasa ba.

Kwana huɗu ka yi a gindin mangwaron nan. Ka yanke ƙonanniyar waya, ka ƙirga zagayenta ɗaya bayan ɗaya. Ba ka taɓa rubuta lissafi a takarda ba, da carbinka kake ƙirge. Ka ɗaura jan zare a ƙwaya ta arba'in da bakwai, duk zagaye ɗaya ka ja ƙwaya ɗaya, idan yatsa ya taɓa zare naɗi ya cika. Ni ina riƙe da ƙullin waya ina warware maka, ina jin yadda numfashinka ke fita da ƙyar. Ka tura Che Imedi bin sawun mai ƙarafa har Liwonde, ya dawo da gwangwani huɗu, sauran biyun an riga an fasa su. Ka ce huɗun za su iya, in dai an tayar da famfo da sassafe kafin injunan niƙa na kan layi su farka. Naɗi goma sha takwas injin ke bukata. Ka gama sha biyu, ka ce in ba ka ruwa, kafin in dawo da moɗa ka tafi.

Yau kwana takwas gonaki ba su ga ruwa ba. Ganye ya nannaɗe tun da hantsi. Mata na jido daga kogi da bokitai a ka, suna bi gindi gindi, ga kada a bakin ruwa, kuma abin da suke zubawa ƙasa ke shanyewa kafin su juya baya. Tsofaffi sun ce in aka ƙara kwana biyar, sai dai a ba awaki karan. Mun aika wa mai naɗin da ke Zomba, ya ce aiki ya yi masa yawa sai bayan mako uku. Babu wanda ya zage ni a ƙauyen nan. Suna gaishe ni, suna yi mini ta'aziyya, sannan idonsu ya sauka a kan makullin da ke wuyana. Ina jin tsoro, Kawu, irin tsoron da ban ji ba ko ranar da uwata ta rasu, domin ran nan akwai kekenka.

Jiya Abiti Sumani ta kira ni ɗakin takabarta. Na shiga ina jiran abin da na cancanta. Sai ta kamo hannuna ta sa mini carbinka, jan zaren na nan inda ka ɗaure shi. Ta ce, "Kin kwashe kwana huɗu kina kallon hannunsa. Je ki ƙarasa, kuka ba ya ban ruwa."

Gobe da safe zan zauna a gindin mangwaron in fara. Na san ƙirgen, na ga yadda kake kwantar da waya. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake haɗa bakunan naɗin a ƙarshe, wanne ke bin wanne, domin ka ce za ka nuna mini in mun kai wurin. Kuskure ɗaya ya isa ya ƙone aikinka na ƙarshe tare da nawa. Don haka ina roƙon duk mai wannan sana'a da takardar nan ta isa gare shi, daga Mangochi har Thyolo, musamman waɗanda suka koya a hannun Che Twaibu, ya dubi Allah ya zo Nansenga. Yini ɗaya muke roƙo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Abiti Sumani, da 'ya'yansa Jawadu da Patuma, da dukan danginmu na ɗaki, da gidaje sittin da uku da suka yi rashin wanda ke tsaya musu. Ina kuma neman gafararku. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Twaibu, Ka yafe kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara kamar yadda ya shayar da gonakinmu. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsare masarar bayinKa. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka ɗauke wanda ke ja mini ƙafa, to Ka sanya wa hannuna nauyi gobe, kada in wuce jan zaren nan ko da ƙwaya ɗaya. Amin.