Ranar Da Inna Ta Zauna Ƙarƙashin Rufina

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma akwai rana guda a Minna da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ita ce ranar da aka gwada rufin kankare na farko da na zuba da hannuna.

Lokacin ina matashin magini, Turawa ba su tafi ba tukuna. Gari ya cika da ma'aikatan reluwe, kowa na neman ɗakin haya, sai duk mai cebur ya zama magini. Da damina wani gida ya rufta a Sabon Gari, ya karya wa wata mata ƙugu, maginin kuwa ya shiga jirgi ya gudu. Daga nan En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta ce ba wanda zai ƙara gina wa mutane gida sai mai lasin. Foman na ofishin ayyuka, wani Banufe mai ƙaton tumbi da son raha, ya ƙara nasa sharaɗin. Ranar da za a cire katakan da suka tokare rufi, za a loda kaya a sama, magini kuma ya tsaya a ƙasa. In rufi ya tsaya, an ba ka lasin. In bai tsaya ba, ai ka riga kowa sani.

Ranar tawa ta zo da hantsi. Labari ya riga ya bazu, unguwa ta cika maƙil da 'yan kallo, har da masu fura da nono. 'Yan dako suka yi ta hawa tsani da buhunan gyaɗa suna jerawa a kan rufin. Ni kuma na shiga ɗakin na tsaya tsakiya, ina murmushin da ba na ji a cikina.

Leburori sun fara buge katakan ke nan sai na ga mutane na darewa. Mahaifiyata ce, ta taho da ƙafa tun daga Tudun Wada, tabarma a hammata, ƙwaryar wake a ka. Ni ɗan farinta ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabona ba, ko kallona ba ta yi a gaban mutane. Ta shigo ɗakin, ta shimfiɗa tabarma daidai tsakiya, ta zauna ta fara tsince wake.

Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah ki fita. Nan ba wurin zama ba ne yau."

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Inuwa na zo sha. Matsa, ka tare mini haske."

Foman ya leƙo ya ce, "Mama, gwaji muke yi, rufin nan yana iya faɗowa."

Ta ce, "To ku yi gwajinku mana, na hana ku?"

Aka yi magiya har aka gaji. Aka ci gaba da cire katakai ɗaya bayan ɗaya, idona na sama, wuyana ya ƙage. Da aka zare na ƙarshe wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar wake na faɗawa ƙwarya. Rufi bai motsa ba.

Foman ya ce bai gamsu ba sai ya hau da kansa. Ya hau yana nishi, ya buga ƙafa, ya yi tsalle. Ganin haka samari suka bi shi, mahauta suka bi da mai kalangunsu, kafin a ankara ana taka rawa a kan rufina. Ƙura na zubo mana, ni dariya na cina, hawaye na zuba, Inna kuwa sai hure ƙurar take daga wakenta.

Kwatsam muka ji ƙara, ƙaras! Mata suka watse da salati. Ban san lokacin da na faɗa kan Inna na rufe ta da jikina ba, wake ya tarwatse ko'ina. Muka jira, shiru. Ashe tsani ne ya karye, ya bar foman da mutanensa a sama kamar zabi a kan rumbu. Ya leƙo ta gefen rufi, hula a karkace, yana cewa, "Magini, ka ci. Wallahi ka ci, a dai nemo wani tsani."

Aka fashe da dariya, kalangu ya koma bakin aikinsa. Na fito ina tsalle, ina rungumar waɗanda ban sani ba. Da na koma ɗakin na tarar Inna na kwashe wakenta daga ƙasa, sai a lokacin na lura har da tsakuwar da ta tsince take mayarwa cikin ƙwarya, ba ta ma sani ba. Ta miƙe ta naɗe tabarma, ta dubi rufin, ta ce, "Ba laifi." Iyakar yabon da na taɓa samu daga bakinta ke nan, kuma ya ishe ni.

Na karɓi lasin, na gina gidaje masu yawa bayan nan. Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk rufin da ka zuba, uwar wani ce za ta zauna ƙarƙashinsa tana tsince wake, hankalinta kwance, don ta yarda da hannun da ba ta ma sani ba.