Marayan da Baffa Ya Yi wa Kuka

Akwai wani littafin Turanci mai kauri, wanda marubucinsa ya zuba labarin ƙuruciyarsa a ciki, ya sauya wa mutane sunaye. Duniya ta yarda samun kamarsa sai an tona. Ni dai har yau in na gan shi a kanta sai raina ya ɓaci, kuma littafin bai yi mini komai ba. Baffa ne ya ja masa.

Baffa yayan mahaifina ne, tsohon malamin Turanci. Da mahaifina ya rasu, shi ya kwaso ni da Inna daga Ƙofar Ran zuwa gidansa na Ɗan Iya. Ban rufa wata biyu ba ya cire ni daga makaranta, wai in ɗan tsare masa rumfar hatsi a kasuwar Muda Lawal kafin ya sami amintacce. Da safe 'ya'yansa su goya jaka su wuce, ni in bi bayan buhunan masara.

Ran Juma'a bayan la'asar sai ya tara mu a tsakar gida, ya maƙala tabarau, ya karanta mana littafin yana fassarawa. In ya zo inda mijin uwar yaron ya raba shi da karatu ya tura shi aikin ƙarfi, muryarsa takan yi rawa, har ya share ido da hannun riga. "Ku ji rashin imani," in ji shi. "Maraya fa!" Ina zaune a gabansa, ƙaiƙayin gero na cin wuyana, bai taɓa ɗago kai ya dube ni ba. Kullum yakan ce abin da ya ɗaukaka littafin a wajen masana shi ne mutumin bai ɓoye komai ba.

Na riƙe wannan maganar. Bara, da furfurata da komai, na rubuta nawa da Hausa. Ni ma na sauya sunaye, na mayar da rumfar hatsi ta atamfa. Na bai wa babban ɗan Baffa ya duba mini kurakurai, shi kuwa ko kwana bai yi da shi ba ya kai wa ubansa.

Baffa ya aiko in zo. Na tarar da shi a falo, takarduna a kan cinyarsa, littafin nan a kanta bisa kansa. Inna na zaune gefe a kan tabarma, don ita ma an kira ta.

"Za ka cire babi na uku, na zaman rumfa," ya ce. "Wannan tonon asiri ne."

"Baffa, ai ku kuka koya mana. Kun ce girman wancan shi ne bai ɓoye komai ba."

"Wancan adabi ne."

"Nawa fa?"

"Shi Baturen nan a unguwar nan mijin uwarsa yake salla?"

Raina ya ɓaci. Ashe duk hawayen nan, maraya na nesa ake yi wa, wanda ba zai taɓa zuwa falo ya zauna ba. Amma na san in Inna ta ce in cire, cirewa zan yi. A gidan nan take kwana, ba ta taɓa ɗaga wa Baffa murya ba.

Baffa ma ya san haka. Ya juya wajenta. "Ki yi wa ɗanki magana."

Inna ba ta karanta boko. Ta ce in karanta mata babin tukun. Na karanta tun daga farko, Baffa na kallon bango. Da na gama ta gyara mayafinta.

"Akwai abin gyarawa," ta ce.

Baffa ya gyaɗa kai, ya miƙo mini jan bironsa.

Inna ta dube ni. "Ka ce shekara biyu ka yi a rumfar. Uku ne. Ni na ƙirga su."

Da bironsa na gyara.