Madarar da ta Lalace Tun 1900

Shekara ashirin da biyu babanmu ya yi yana gyaran injuna a kamfanin madara. Kunne ma'aikata suke ce masa, don da sauraro kawai yake gane injin da ke ciwo. Ni 'yarsa ce ta fari, kuma har yau ban yafe korar da aka yi masa ba.

Ana saura wata uku a shiga shekarar 2000, manaja ya kawo wani ƙwararre mai kwat da jaka. Mutumin ya ce ranar farko ta sabuwar shekara injuna za su rikice da lissafin shekara, komai ya tsaya cak: janareto, famfo, firji, har fankar ofis. Ya bi su yana manna jar takarda, wai a sauya.

Baba ya ce famfo bai san Litinin ba balle shekara. Abu ɗaya ne ke ƙirga kwanaki a wurin, 'yar na'urar da ke buga ranar lalacewa a jikin kwali, kuma lamba biyun ƙarshe kawai take riƙewa. Ita kuwa ko kallo ba ta ishi ƙwararren ba.

A gaban kowa manaja ya ce tsufa ne ke damun Baba, ya karɓe makullan ɗakin gyara. Sati biyu Baba bai ci abincin kirki ba.

Shekara ta shiga. Tsohon famfon da aka yar, maigadi ya kai gidansa, yana ta jan ruwa abinsa. Na'urar nan kuwa ta buga 1900 a kowane kwali, masu kantuna suka dawo da madara mota uku. Aka nemi ƙwararre sama ko ƙasa aka rasa.

Da hantsi sai ga manaja a ƙofar gidanmu da kwali a hannu. Ni na buɗe masa, na kuma ƙi kawo kujera. Baba ya bar shi cikin rana har ya gama yanke farcensa tsaf.

“Malam, a taimaka,” in ji manaja.

Baba ya karɓi kwalin, ya karanta a hankali.

“Ranka ya daɗe, madarar nan ai ta girme ni. Ita ma tsufa ke damunta. Ka kore ta.”

Gyaran minti goma ne, ya faɗa mana daga baya, amma bai sake taka kamfanin ba. Kwalin na nan kan firjinmu, ni ke goge masa ƙura.