Akwatin da Rana Ta Dafa a Bayan Tanda

Ana sallame asuba muka bar Dosso, ni da abokin aikina, da jakar kayan gyara da ƙaramar fanka sabuwa a kwali. Manyan motoci sun gama cinye hanyar Gaya, babu ramin da ƙuguna bai ji ba. A Gaya muka karya da soyayyen kifi. Mai ruwan sanyi ta ƙara kuɗi, ta ce a wannan bazarar ƙanƙara ma wahala take sha.

Ƙauyen da aka kira mu yana bayan Tanda. Tun daga nesa muka hango injin iskar da ke ba asibitinsu wutar lantarki yana juyi lafiya lau. Matsalar a ƙasa take. Akwatin da ke daidaita wuta kafin ta shiga batir, an kulle shi a ɗakin kwano marar taga saboda ɓarayi. Da rana ta take sai ya ɗau zafi ya kashe kansa, firjin allurar rigakafi ya mutu tare da shi.

Majo, shugabar asibitin, ta tarbe mu idonta ya faɗa.

"Malam, na sha mayar da mata gida da goyonsu," in ji ta. "Wasu a kwalekwale suke zuwa. Yanzu ko na aika ba sa fitowa."

Muka buɗe akwatin. Fankarsa ta ƙone, zanzaro ya toshe kafofin shan iska da laka. Muka kankare, muka sa sabuwar fanka, muka huda bango sama da ƙasa, mutanen gari suka ɗora zana a kan kwanon. Gumi har cikin takalmi. Muna gamawa iska ta ɗauke, babu halin gwada gyaran, muka zauna ƙarƙashin mangwaro muna kallon sama.

Sai da la'asar iskar ta kaɗa. Na dafa akwatin, ɗumi kawai. Majo ta zura hannu a firji, ta ji sanyi, ta daɗe ba ta cire ba. Sannan ta kwashe alluran da zafi ya riga ya lalata, ta ce mu miƙa su Gaya a rubuta mata wasu.

Mun iso gida jiki duk ciwo. Abin da na koyo, a ƙasarmu kafin ka kafa na'ura, fara nema mata inuwa da iska. Namu gyaran wuni ɗaya ya ci. Majo kuwa gobe za ta fara bin gida gida, tana roƙon mata su dawo.