Rigar da Na Aro wa Infoma

Ni ce mai aron kaya a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, kuma da hannuna na karɓo rigar da ta raba wani bawan Allah da garinsu. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ce na ɓoye.

Mu tara ne. A Funtua muka fara, a bayan wani tsohon sito na auduga inda mai gadi yake barinmu mu yi gwaji ranar Asabar da hantsi. Babu gwamnati a ciki, babu wani Alhaji da ya ɗauki nauyinmu. Shugabanmu malamin firamare ne, siriri, mai taurin kan tsiya, kuma tun ranar farko ya kafa doka: ba ma maimaita wasan kowa, ba ma kwaikwayon fim. Kowane wasa sabo ne, daga bakin mutane ake ɗauko shi. Sai ya je majalisa ko tasha ya yi ta saurare, ya dawo ya ba mu labarin a tsaye, kowa ya ɗauki nasa ya cika da bakinsa. Ba mu taɓa rubuta ko layi ɗaya ba.

Wasanmu na farko a kan takin zamani ne da ake gaurayawa da yashi. A kasuwar Dandume muka yi shi bayan la'asar, manoma suka yi ta ihu har wani tsoho ya shigo fili da sanda zai daki ɗan wasanmu. Na biyu a kan burtalin shanu da aka nome, a Danja, inda manoma da makiyaya suka haɗu suka zage mu tas. Shugaba ya ce alamar mun faɗi gaskiya ke nan. Ni na ce alamar ya kusa sa a fasa mini kai ke nan. Daga nan sai na matar da ta haihu a hanyar Malumfashi saboda babur ya lalace, wanda ni na fito a matar, kuma mahaifiyata ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba.

Kayan wasa kuwa ba mu da ko hula. A kan babura uku muke tafiya, ina za a sa akwati? Don haka duk garin da muka sauka, ni ce mai bin gidaje, tunda ni mace ce, babu ƙofar da ba ta buɗe mini. In gaisa da matan gida, in sha ruwa, in ce a ara mana riga, ko zane, ko malafa. Tun muna yi don dole har ya zama abin da aka san mu da shi. Mutane suna son abin sosai. Ɗan wasa zai fito sai ka ji wuri ya ɗauka, "Kai, ga rigar wane!" Ko mugu ne ya sa rigarka, dariya za a yi, a tsokane ka kwana biyu a majalisa, kai ma kana jin daɗi. Muna da wani mai faci a cikinmu, shi yake fitowa a mugu kullum. Shi har tambayata yake yi wane ne mai rigar, ya je ya leƙo shi, ya ɗauki tafiyarsa da yadda yake gyaran murya ya sa a wasan. A nan ne dariya take fin yawa. In an gama sai in ninke kayan, in ɗora sabulu sanda ɗaya a kai, in mayar.

Sai zamani ya lalace. 'Yan bindiga suka fara shiga ƙauyuka, gonakin nesa suka zama ba a zuwa, muka koma tashi da wuri don magariba ta same mu a kan kwalta. Ko ina ka zauna maganar infoma ake yi, wato mutumin gari da yake ci tare da ku, yake gaya wa na daji wanda ya sayar da masara da wanda ya ɗaure sa. Shugaba ya ce a kan wannan za mu yi sabon wasa. A labarin da ya kawo, infoman ba ɗan iska ba ne, ba mashayi ba. Dattijo ne mai shiru, mai gaida kowa, wanda ba ya rasa sahun gaba. Wallahi da na ji, har yaba masa na yi.

Wani ƙauye ne bayan Mahuta, ba zan faɗi sunansa ba. Kafin zuwanmu da 'yan makonni an shiga garin, aka wuce gidaje da yawa aka nufi gidan mutumin da ya sayar da hatsinsa a ranar, aka tafi da 'ya'yansa biyu. Mun san da wannan. Shi ya sa ma muka zaɓi garin, mu masu hankali.

Na shiga neman rigar mutunci. Gida na biyu na tarar da wata dattijuwa tana yanka tumatir tana shanyawa a kan buhu. Na ce, "Inna, rigar Juma'a nake nema, ta babban mutum." Ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta ɗauko wata koriyar jamfa mai aikin zare ruwan ƙasa a wuya. Muna cikin haka maigidan ya shigo, manomin lambu ne, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ya ce, "'Yata, ɗauki mana. Ita ma ta ga duniya." Shi ya kai mana tabarmi biyu da jarkar ruwa har filin kasuwa, sannan ya ce mu yi haƙuri, yau ne layinsa na injin ban ruwa, in ya tsaya tumatirinsa zai ƙone. Ya tafi yana ɗingishi, mai faci yana bin ƙafarsa da kallo.

Ban ga komai a wannan ba. Shekara nawa muna yin haka?

Aka fara. Mai faci ya fito cikin koriyar jamfa, yana jan ƙafar hagu, yana gaida kowa. Na tsaya bayan zanen da muka rataya ina jiran a ce ga rigar wane. Babu wanda ya ce uffan. Da aka zo inda ya ɓuya bayan rumbu ya ciro waya yana raɗa, wurin ya yi tsit, ko tarin yaro babu. Can na ji wani a baya ya ce, "Ashe!" Ni wawiya sai na ji daɗi, na ce a raina yau mun kama su. Na ninke rigar, na ɗora sabulu, na mayar wa dattijuwar. Ita ba ta fita kallo ba, har busasshen tumatir ta ƙulla mini a leda.

Kwana uku bayan nan wani ɗan acaɓa ya tsayar da ni a bakin kasuwar Funtua. Ya ce, "Hajiya, an gode muku fa. Wanda kuka nuna, 'yan sa-kai sun kama shi tun washegari, yana ɗaure." Na ce wa muka nuna? Ya dube ni kamar ina yi masa wasa. Ya ce ai kowa ya gane. Wai mu mutanen birni ne masu yawo gari-gari, muna jin abin da ba a ji, ba za mu iya faɗa da baki ba shi ya sa muka sa rigarsa da ƙafarsa.

Ko sallama ban yi masa ba, na juya. Na je makaranta na fito da shugaba daga aji, muka hau babur ɗaya, duk hanya addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa mu same shi da rai.

Mai gari ya karɓe mu a zaure, da 'yan sa-kai uku a tsaye. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, aro ne. A kowane gari haka muke yi. A tambaya a Danja, a tambaya a Dandume." Ya ce, "Cikin rigunan garin nan kaf, me ya sa tasa?" Na ce don matarsa ce ta fara ba ni. Ya ce, "To ƙafar fa? Ita ma matarsa ce ta ba ku?" Shugaba ya shiga bayani a kan yadda ɗan wasa yake ɗaukar ɗabi'a, da wata Hausa ta aji. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya ce an tsorata mu ne, shi ya sa muka zo janye magana. Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Uban yaran nan biyu da aka sace yana zaune a gefe, bai ɗago kai ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A ƙarshe mai gari ya ce tunda an bincika wayarsa ba a ga komai ba, kuma ga mu mun zo, za a kwance shi. Amma ba zai iya lamunce ransa a garin ba, sai dai ya tashi. Ba su bari mun gan shi ba.

A hanyar komawa shugaba ya juyo ya ce yana da dabara, mu haɗa wani sabon wasa a kan wanda aka zarga bisa kuskure, mu dawo mu yi a garin. Na ce ya tsayar da babur. Na sauka a bakin hanya na wanke shi tas, na ce masa mutum ne aka ɗaure ba labari ba, in ya ƙara ambata mini wasa sai na tara masa jama'a. Daga ranar ban ƙara zuwa bayan siton nan ba. Su sun yi wasa biyu bayan nan da kayan gwanjo, mai faci ya ce shi ya daina, abin ya watse.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya neman dattijon. A Funtua na same shi, a wani ɗaki da ɗan'uwansa ya ba su kusa da kasuwar hatsi. Lambun ya bushe, an ce ko tumatir ɗaya ba a tsinka ba. Igiyar da aka ɗaure shi da ita ta kashe masa hannuwa, yatsun ba sa riƙe komai, na tarar matarsa tana ba shi kunu da ludayi. Da ta gan ni sai ta ajiye kwanon ta koma bakin ƙofa, ba ta amsa sallamata ba. Na zube a ƙasa, duk abin da na shirya faɗa ya gudu, sai "Baba, ka yafe mini" nake ta maimaitawa.

Ya ce, "Tashi, 'yata, ya isa. Ni abu ɗaya nake so a wurinki. Kwana uku suna dukana suna cewa in faɗi abin da na yi, wai kowa ya gani a kasuwa. Kowa ya ga wasan nan ban da ni. Ki gaya mini, me na yi a ciki?"

Na gyara zama na gaya masa tun daga farko, matarsa tana tsaye tana ji.