Ranar da Na Yi wa Ladan Ta'aziyya da Ransa

Shekara ashirin da bakwai na yi ina tura gadon marasa lafiya a asibiti nan Tambuwal, amma ban taɓa mantawa da Talatar da aka yi wa Ladan Buba aikin maƙoƙo ba. Ku sababbin ma'aikata ku saurara, kunyar da na sha ta ishe mu duka.

Ladan taubashina ne, shi ke kiran salla a unguwarsu a Kebbe. Maƙoƙo ya cika masa wuya har numfashi na gagararsa. Da aka ce likitocin tiyata za su zo daga Sakkwato su yi mako guda suna aiki, ni na matsa masa. Ya ƙi, don ya san wani da aka yi wa aikin ya tashi ba murya.

"Mamman, in muryata za ta tafi, a bar min abina."

Na ce, "Muryar da ka korar jakunan Kebbe? Ai hutawa za su yi."

Ya zage ni, ya biyo ni. Sai da na yi masa alkawari ba zan gusa daga kansa ba.

A ƙa'ida, mai tura gado iyakarsa ƙofar ɗakin tiyata. Amma ranar aka sa mini hula da takunkumi, aka ce in tsaya a lungu kusa da tukunyar iska ko za a buƙaci canji. Likitocin sun zo da wata na'ura da ban taɓa gani ba. Ni kuwa karatuna aji uku ne, na ukun ma korata aka yi. Duk ilimin likitancina guda ne: in na'ura ta saki kuka, mutum na tafiya.

Ana cikin aiki sai na ji ta: tak-tak-tak! Likitocin suka duƙa kan wuyan Ladan. Ta sake yi. Na sulale waje da hawaye, na dafa ƙanensa Malam Sani, na ce, "Sai haƙuri." Shi kuma ya buga waya Kebbe.

Kafin azahar babura sun cika ƙofar asibiti. Wani har da likkafani a leda.

Shugabar nas-nas ta damƙe ni. "Baba Mamman, wa ya aike ka?"

"Hajiya, injin ne ya yi kuka."

Babban likita ya ji, ya yi dariya har ya zauna. Sannan ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a bayan maƙoƙo akwai jijiya siririya kamar zare, ita ke motsa murya, wuƙa na iya tsinka ta ba a sani ba. Shi ya sa suke taɓa wurin da ɗan tsinke mai lantarki kafin su yanka. In jijiyar ce, makogwaro ya motsa, na'ura ta amsa, sai su kauce mata.

"Baba, kukan nan muryar ɗan'uwanka ce ke cewa tana nan. Shirunta muke tsoro."

Ni na tura Ladan zuwa ɗakin kwanciya, ta gaban masu zaman makokinsa. Da la'asar ya buɗe ido. Malam Sani ya raɗa masa labari. Duk muka zuba wa bakinsa ido. Ya haɗiye miyau da ƙyar, ya ce a dishe, "Mamman, anka ce ka bizne ni. Wa ya yi kiran azahar?"

Na yi kuka na biyu, wannan karon da dalili.

Abin da na koya, a aikinmu kada ka kai wa dangi labarin da likita bai ba ka ba. Kuma na yarda likitocin nan, duk da rufe fuskarsu, sun damu da muryar talaka. Ladan ya koma kiran sallarsa. Likkafanin yana wurinsa, ya ce ni ya ajiye wa.