Jarkokin Bi Mwanaisha

Kullum da an idar da sallar asuba za ka ga malamarmu Bi Mwanaisha Shame, wato Uwargida Mwanaisha, a bakin ruwan ɗan tsibirinmu, tana janye da jarkokin man girki, ba komai a cikinsu, ɗaure a igiya kamar awaki. Sai ta murɗa murfin kowace ta ji ya kama, ta miƙa wa kowace ɗaliba tata, sannan a shiga kwalekwale a haye zuwa sakandare a babban tsibirin Pemba. Shekara da shekaru haka. Watan nan take ajiye alli.

Ni Kombo Faki ban taɓa zama a aji ba. Jikata Tatu ke rubuta wannan. Amma a sha'anin teku ni ne jami'ar. Sau uku teku tana haɗiye ni tana tofarwa. In na yabi mutum a kan ruwa, ba sai an nemi shaida ba.

Shekarar da ruwa ya ci 'yar maƙwabcinmu a hanyar makaranta, iyaye suka ce ba macen da za ta ƙara hayewa. Yaranmu maza tun suna tsirara suke iyo, mata kuwa an ce zubar da mutunci ne. Karatun mata ya zo ƙarshe ke nan. Sai ga Malama a ƙofata, tana kira na Mzee, wato dattijo.

"Mzee, an ce kai ruwa ba ya cin ka."

"Ya ɗanɗana, na yi masa ɗaci."

"To koya mini iyo. Ni ko a baho gabana faɗuwa yake."

Ina kan gaɓa ina kwarara umarni, matata na tallafe da ita, ita kuwa rungume da jarka, da doguwar riga da hijabi, tana kwankwaɗar ruwan gishiri kamar shayi. Ussi mai shago, wanda take roƙon jarkoki a wurinsa, ya yi ta ƙyaƙyata dariya: "Malama, kifaye za ki koya wa lissafi?"

Ta ce, "Kai dai kada ka yar mini da murafan, Bwana Ussi."

Da ta iya, ta bi gida-gida tana yi wa iyaye alkawari. Ba namiji a wurin koyo, ba mai tuɓe mayafi, kuma ba mai hawa kwalekwale sai ta iya kai kanta gaɓa. Da ƙyar aka riƙa sakar mata yaran.

Rannan iska ta kifar da kwalekwalen a tsakiyar mashigi. Ina gyaran taru na gani. Kafin in tura jirgina, jarkoki sun taso, kawuna sun biyo baya, Malama na kiran suna kamar a aji, kowace na amsa "Na'am!" Mutum ɗaya ne ba ya komai sai salati: Ussi, da ya bi su zai je sarin kaya. Tatu da ƙawarta suka cusa masa jarka a ƙirji, suka jawo shi.

Yana kwance a yashi yana amai ya ce, "Mzee, na gode."

Na ce, "Ni? Ga kifayen da suka san lissafi can."

Bi Mwanaisha, ke ce kika shiga abin da kike tsoro saboda 'ya'yan wasu. Uwar masu hayewa! Ni kaina kaɗai na ƙwata daga teku, ke aji guda kika fito da shi. Kin fi ni. Na faɗa sau ɗaya, kada a ce in maimaita.

Allah ya saka miki, ya sa ki huta lafiya. Ku malaman da ruwa ya raba ku da ɗalibanku, ku bi sawunta, ba tsada. Jarkoki na nan jere a shagon Ussi, kyauta, kowace da murfinta.